Altine Ta Je Tasawa Rigima

Altine na matsar tunkuza a bakin turmi lokacin da ɗiyarta Asiya ta danna salula, ta ajiye ta bisa tabarma, ta shige ɗaki kamar mai mantuwa. Sai ga muryar mace ta cika tsakar gidan.

"Asiya, Madam Keziya ce. Abin da kika faɗa mini ba na jira ba ne. A zo Tasawa a gwada jini, kar a ƙara jinkiri."

Hannun Altine ya tsaya cikin tunkuzar. Ta san sunan nan, kasuwar Mayahi duka ta san shi. 'Yan foroje ne, ma'aikatan wani shirin lafiya, suka buɗe wani gurup a Wasaf, suna janyo 'yan talla da yaran tasha da marayu, wai koya musu kare kai daga ciwon da ake ɗauka ta kwanciya. Babba ba ya shiga. In ka wuce ƙuruciya, ko gaisuwarka ba su amsawa. Altine da bakinta ta faɗa a rumfar masu man gyaɗa cewa duk ɗiyar da aka gani ciki, uwarta ce ba ta iya riƙo ba.

Yau ga shi a gidanta.

Ita da tun da Yusha'u mijinta ya dawo daga haƙar zinari, ya kwanta, ya bushe, ya tafi, ba ta roƙi ko gishiri wurin danginsa ba. Ko a jinyarsa ba ta taka likita ba, don ba ta kai sirrin gidanta gaban baƙi. Da man gyaɗa ta kai yarinyar nan kolej.

Ta jawo Asiya waje ta dube ta sama da ƙasa. Kumatu cike, fata na sheƙi. Ta sauke ido kan cikin yarinyar.

"Na wane ne?"

Asiya ta duƙar da kai.

"To. Lakwal ta ƙare daga yau, ba sauran karatu. Gobe za ki kai ni wurin matar nan, in ji abin da na tare mata."

Da safe ta ɗaura zanen fita. Ya zagaye ta ya yi saura, ta tsine wa mai yadin da bai san gwaji ba. A mota tari ya sarƙe ta tun daga bakin gari, ta ce wa direba warin man motarsa zai kashe mutane, ya ce ta sauka in ba ta iyawa, ta ce ya fara sauke uwarsa.

A Tasawa ta damƙe wuyan hannun Asiya, don kar ta zille cikin mutane. Yarinyar ba ta yi gardama ba, ita ce ma ta nuna gajeriyar hanya. Duk da haka sai da Altine ta zauna gindin bedi tana haki, ta ce takalmi ne ke cizon ta.

Ɗakin 'yan forojen na bayan likita ne, matasa jere bisa benci, kowa ya duƙa kan salularsa. Altine ta ratsa su ba sallama.

"Ina Keziyar? Ina mai shiga ɗakunan mutane ta waya?"

Wata doguwa mai farar riga ta fito tana goge hannu. Ba Asiya ta duba ba. Altine ta tsaya kallo, tun daga ido har wuya.

"Ni ce, Inna. Shigo."

"Ban haife ki ba. Ki ji da kyau, ba na maimaitawa. Ki goge sunan ɗiyata, ki goge lambarta, ki manta kin taɓa ganin ta. In ba haka ba, ranar kasuwa zan kwaso matan Mayahi, mu zo mu ga ko ɗakin nan zai kwana da ƙofa. Marainiya kuka gani, ko? Uwarta na da rai."

Keziya ta rufe ƙofa, ta jawo kujera.

"Ban zo zama ba," in ji Altine. Amma sai ta zauna a bakin kujerar, ta ce minti ɗaya. "Kuma kafin in tashi, ki gwada ta a gabana. Ki faɗa mini abin da ta ɗauko."

"Abin da yaro ya faɗa mini, ba na faɗa wa kowa," in ji Keziya. "Ko uwa ce, ko jandarma. Sai in ita ta ga dama."

Altine ta juya ga Asiya. "Kin ji ko, marar kunya? Buɗe baki!"

Asiya ta durƙusa. Ta ɗago kai, karo na farko tun jiya, ta riƙe hannun da ya jawo ta tun daga tasha.

"Inna, an gwada ni tun kaka, lafiyata lau. Duk ciwon da na riƙa faɗa musu a salula, naki ne. Da cewa na yi ki zo likita, da kin zo?"