Matar Sarkin Rum da Wasiƙar da Ta Aika wa Yayanta

Kai da kake ganin duk wanda ke zaune a fada ya huta, saurara ka ji. A zamanin da, a birnin Rum, an yi wata mace 'yar babban gida wadda mijinta ya zama sarkin daular. Yayanta, wanda ya goya ta tana ƙarama, shi ne shugaban rundunar da ke tsaron iyaka. Ana nan sai labari ya iso cewa yayan ya yi tawaye. Wasu suka ce sharrin mahassada ne, wasu suka rantse sun ga dakarunsa sun nufo birni. Ita dai ta rasa na kamawa. Ran nan suna cin abinci sai sarki ya ce mata, "Rubuta masa ya dawo gida. Na ba shi amana, ko ƙwarzane ba zai samu ba. Rubutunki kaɗai zai yarda da shi." Kwana uku tana rubutawa tana gogewa. In ta ƙi, yaƙi zai ci ɗayansu. In ta yarda, wa ya san cikin sarki? Ta zuba wa fuskar mijin nan ido, fuskar da ta sani shekara goma sha biyar, ba ta karanto komai ba. A rana ta huɗu ta buga hatiminta, manzo ya tafi.

Yayan ya taho da mutum shida kacal, ko sulke bai sa ba. A kan gadar shiga birni dogarai suka tare shi suka kashe shi, aka sami wasiƙar a cikin rigarsa. Sarki ya shigo ɗakinta yana hawaye, ya rantse ba umarninsa ba ne. Ta yarda. Bayan mako guda ya ƙara wa shugaban dogaran girma, ta daina yarda. Sai kuma ya gina wa mamacin kabari na farin dutse, yana zuwa ziyara da kansa. Tun daga nan ba ta san ko da makashin ɗan'uwanta take cin abinci ba, ko da mai taya ta makoki. Ba ta ma san ko ita ce ta kashe shi ba. Wanda za ta tambaya kuwa babu, don kowa a fadar abin da ake son ji yake faɗa.

Ranar da aka yi bikin zaman lafiya don murnar ƙarewar tawayen, aka ɗauko ta a kan kujerar zinariya bisa kafaɗun bayi, mata na watsa mata furanni. Ta ji wata mai sayar da kifi tana ce wa maƙwabciyarta, "Wannan kam ta gama da duniya, ba ta da sauran damuwa." Ta ɗaga mata hannu, aka wuce da ita.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.