Littafin Awon Tela

Ka ce in ba ka shawara kan dandalin sada zumunta: ko ka ci gaba da zama a babban nan na kamfani ɗaya, inda kowa yake, ko ka koma ƙananan da jama'a ke kafawa da kansu suna haɗa su da juna, inda in ka tashi ƙaura kake tafiya da hotunanka da mabiyanka. Ni ban iya waya can can ba, amma na san labarin wasu teloli biyu.

A wani gari, wani attajiri ya gina katafaren shago a bakin kasuwa, ya zuba kekunan ɗinki sababbi fil, ga wuta ga fanka, ya ce duk telan da ke so ya zo ya zauna kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne: littafin awo na shago ne, a durowarsa zai riƙa kwana. Teloli suka yi caa. Cikinsu har da wani gwanin ɗinkin mata, wanda ya ɗauko littafinsa na shekara goma sha biyar, mai awon kowace mace da sunan gidansu da lambar wayarta, ya miƙa da hannu biyu. Abokinsa kuwa ya ƙi. Ya zauna a zaurensa da tsohon kekensa mai ƙara kamar injin niƙa, littafinsa a aljihun rigarsa. Shi da 'yan tsirarun da suka rage a zauruka suka riƙa tura wa juna aiki, kowa da ƙofarsa. An sha yi masa dariya, kuma gaskiya kasuwarsa ba ta kama ƙafar ta shago ba.

To, awo yana da baki. In mace ta kawo riga a buɗa mata ƙugu, tela ya san abin da ke nan, kuma telan kirki yakan yi gum. Shi kuwa attajiri dama ba ɗinki ne ya dame shi ba. In an tashi aiki sai ya buɗe wa 'yan kasuwa littafin, su ga wa ke shirin biki, wa ta ƙara jiki. Wata amarya mai cikin fari, wadda kunya ba ta bar ta ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba, tana zaune sai ga dillaliya ta yi sallama, ta baje kayan jarirai a gaban uwar mijinta. Ranar ta sha kuka. Mata suka gane inda zancen ya fito, suka ɗora wa gwanin nan laifi, don shi suka ba amana.

Ransa ya ɓaci, ya ce zai tashi, a ba shi littafinsa. Attajiri ya amsa cikin ruwan sanyi, "Ƙofa a buɗe take. Littafi dai na shago ne, da bakinka ka yarda." Da almakashi kawai ya fita. Washegari wani telan ya hau kekensa, ya buɗe littafin, yana kiran matan a waya ɗaya bayan ɗaya.

Gwanin ya nufi zauren abokinsa, ya tarar ya koma wata unguwa saboda zauren yana yoyo. Ashe a amalanke ya ɗora kekensa, littafinsa a aljihu, kuma ko mace ɗaya bai rasa ba. Da ya bi shi can, abokin ya matsa masa a benci, ya miƙo masa sabon littafi fari fat. Abin tausayi, mutum da furfurarsa ya koma shafin farko, yana tambayar mata sunayensu.

Don haka kafin ka zuba hotunan iyalinka da sunayen mutanenka a ko'ina, tambayi a hannun wa littafin zai kwana. Magabata sun riga sun gama maganar: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.