Kwaɗin Inna Ladiyo

Da aka kafa dokar da ta ɗora wa kowane gida riƙon wata halitta, kwaɗi ne suka faɗo wa Inna Ladiyo. Da fari ta yi ta mita. Yau shekara tara ke nan, ko jikokinta ba su isa su jefa dutse a kududdufin tsakar gidanta ba.

Ranar Talata Asabe, sabuwar malamar duba muhalli, ta zo zagayen shekara. In ta ga ba a kula da kwaɗin, za a cike kududdufin a kai su wani gida.

"Inna, ba su kai na bara yawa ba," in ji Asabe, tana leƙa ruwan.

"To ba dole ba? Shamuwar gidan Tanko a nan take karya kumallo. Su ci sauro, ita ta ci su, kashinta ya koma lambun albasa. Kowa arzikin wani yake ci, 'yar nan. In na kore ta, me za ki tarar a gidan Tanko?"

Asabe ta yi murmushi, ta sa hannu a takardar. Inna ta rako ta bakin ƙofa, ranta fes.

A gidan da ke kallon nasu, wani dattijo na kan tsani yana share saman soro. Ya gama, ya ajiye ɗanyen ƙashi.

"Shi me aka ba shi?" Asabe ta tambaya.

"Malam Ɗanjuma? Ungulu."

"Sun zo?"

"Tukuna dai," in ji Inna. "Amma bai taɓa fashin ajiye musu ba."