Tambarin da ke Jikin Sandar Kawu

Baƙon ya ja ya tsaya a gaban gadon kawuna. Wakilin ƙasar da ta gina mana asibitin ne, ya zo ganin yadda taimakonsu ya kawo zaman lafiya. Sandar da Kawu ke dogarawa ya ƙura wa ido.

"Ai wannan tambarin ƙasarmu ne!" in ji shi ta bakin tafinta. Ya yafito mai hoto. Aka gyara wa Kawu hula, aka ja bargo aka rufe dungulmin ƙafarsa.

"Ban ma san mun aiko da sanduna ba. Wa ya raba muku?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Ɗan ƙanwata ne, kafinta."

Na ce, "Yallaɓai, ba sanduna kuka aiko ba. Akwatunan nakiyoyin da kuka ba sojoji nake fasawa ina yin sandunan. Guda daga cikin nakiyoyin Kawu ya taka a gona."

Mai hoto ya sauke kyamara.

Kawu ya ce, "Tafinta, gaya masa mun gode, katakon akwai ƙwari. Amma in za su sake aikowa, a ƙara wa akwatin tsawo. Mutanenmu dogaye ne."