Furen Kan Rigar Hajiya

Nafissa ta ɗora hannunta na dama a kan teburin lauya, ta warware ƙyallen da ta naɗe shi da shi. Yatsu uku sun ƙandare, ba sa lanƙwasuwa. Tela ce a unguwar Lamorde, kuma da wannan hannun take ciyar da kanta da innarta tun da suka baro Maraɗi. Wata biyu ke nan almakashi ya gagare ta.

Wannan ne ofis na huɗu da ta shiga a Yamai. Biyu sun ce sai ta biya kafin su saurare ta, ɗaya ya yi dariya ya ce shi ba ya shari'ar kare. A ƙarshe aka kwatanta mata Metir Rifkatu, wata lauya 'yar Dogonduci da ke sauraron mata kyauta ranar Laraba.

"Faɗa mini tun daga farko, ƙanwata," in ji lauyar.

Nafissa ta faɗa. Ɗinki ta kai wa Hajiya Zeinabu, shadda mai tsada ta biki. Gardi ya buɗe mata ƙofa, ya mance bai ɗaure karen gidan ba. Da karen ya daka tsalle, sai ta kare fuskarta da rigar, haƙoransa suka ratsa shaddar suka nutse a hannunta. Hajiya ta leƙo ta taga, ba ta ko sauko ba, ta ce, "Rigata fa? Jibi ne bikin."

A gida Inna ta wanke ciwon, ta barbaɗa toka, ta ce, "Masu hali ba a ja da su, 'yar nan. Ƙaddara ce."

Ita kuwa Nafissa ba hannun ne ya dame ta ba. Shekara tara tana ɗinki ba a taɓa cewa kayan wani sun lalace a wurinta ba, kuma ba za a fara a kan kare ba. Ta wanke jinin da ruwan sanyi da gishiri. Ta zauna kwana biyu, hannu na kumbura, ta ɗinka fure da zaren zinari a kan kowane hujin haƙori, ta sa shafi daga ciki, ta aika da rigar. Sai a kwana na shida, da zazzaɓi ya kayar da ita, aka kai ta asibiti. An yi mata allurar haukan kare, amma likita ya ce jijiyoyin sun riga sun lalace.

Metir Rifkatu ta ajiye biro. "Kin je komisariya wurin 'yan sanda ranar?"

"Ban je ba."

"An ɗauki hoton ciwon? Ko na karen?"

"Babu. An ce washegari suka fitar da shi daga gidan. Gardin ma sun sallame shi, ya koma ƙauye."

"Takardar likitan nan ta ce kare ya cije ki, amma ba ta ce na wane ne ba. To, rigar da haƙoransa suka huda, tana ina?"

Rigar tana wurin Hajiya, hujin duk a rufe da fure. Sai yanzu Nafissa ta gane abin da ta yi da hannunta.

Duk da haka lauyar ta aika wa Hajiya Zeinabu takardar neman sulhu. Ranar Laraba Hajiya ta zo ofishin, turare na tashi, sanye da shaddar nan. Furanni huɗu na ƙyalli a kafaɗarta.

"Metir, ni ban taɓa kiwon kare ba," in ji ta. "Yarinyar nan dai ta taɓa yi mini ɗinki, direba ke karɓowa. Ƙafarta ba ta taɓa shiga gidana ba."

Nafissa ta miƙe. "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ƙarƙashin furen nan hujin haƙorin karenki ne. Jinina na wanke a wurin."

Hajiya ta dubi kafaɗarta, ta shafa furen. "Wannan? Ai ado ne. A wurin biki kowa sai da ya tambaye ni wa ya yi shi."

Lauyar ta roƙi a bar ta ta duba. Ta juya bakin rigar, ta ɗaga ta wajen haske. Ko zare ɗaya bai kauce ba.

"Sai dai a farke," in ji ta.

"A farke mini riga saboda mafarkin tela?" Hajiya ta ja mayafinta ta fita.

Metir Rifkatu ba ta ɓoye wa Nafissa ba: "Doka ta ce mai dabba ne ke biyan ɓarnar dabbarsa. Amma alƙali da shaida yake aiki, kuma rigar nan daga yau ba mai sake ganinta."

"A shigar da ƙarar," in ji Nafissa. "Ko na faɗi, a rubuta cewa na zo."

Wata bakwai tana tsallaka gadar kogi daga Lamorde zuwa gidan shari'a, sau da yawa a ƙafa. Ranar hukunci, alƙali bai yi minti biyar ba ya kori ƙarar saboda rashin shaida.

Ba ta sayar da keken ɗinkinta ba, ko da Inna ta ba ta shawara. Yau da hannun hagu take koyon yanka, a kan tsofaffin buhunan shinkafa. Layin yakan karkace, ta sake. Masu kawo shadda sun daina zuwa. Facin kayan makaranta take yi, kuma fure ba ta ƙara ɗinkawa ba.

'Yan'uwa, idan dabbar wani ta ciji ɗayanmu, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a tafi asibiti a ranar, a karɓi takarda, a kai ƙara komisariya, a adana duk abin da haƙori ya taɓa. Kada kunya ko ganin girman wani ya sa mu goge shaidarmu da hannunmu, domin haƙƙin da ba shi da shaida ko lauya ba ya iya ƙwato shi.