Wa Ka Yi Wa Kiɗan?

Ina shekara goma na haɗa kiɗana na farko a fiyanon malamata, wata tsohuwar Baturiya a garin Sedgefield, can ƙasar Turawa. Da la'asar Baba ya taso daga aiki ya zo ɗaukata, rigarsa na warin kwali. Na kaɗa masa, ya saurara har ƙarshe.

"Da daɗi," ya ce. "To, wa ka yi wa? A garinmu makaɗi ba ya kiɗa sai da mai shi."

Na dubi malamata, ba ta jin Hausa. Sai Baba ya ɗauki makullin mota.

Yau manyan makaɗa ke kaɗa abin da na rubuta, sunan Baba a saman kowace takarda. Ya rasu bai ji ko ɗaya ba.