Salansa Mai Murya Biyu

Gyara zama ka ji wani misali, kai da kake ganin wanda ya fi ƙara shi ya fi iyawa.

An yi wani manomi mai gona a gindin dutse, yana da tsohuwar akori-kura wadda ƙofarta ma sai da igiya take rufuwa. Gonar ta gado ce, ƙasa baƙa wuluk, ko muciya ka soka sai ta yi ganye. Aibinta ɗaya: birai. Bara ya shuka masara, ya yi noma, ya yi maimai, ya zuba taki, ranar da ya zo karya sai ya tarar da kara a tsaye, ɓawo a ƙasa. Tun daga nan 'yan majalisa suka raɗa masa suna ɗan ƙodagon birai. Bana kuwa ya rantse, in suka sake cinye masa masara, shi da gonar ubansa har abada. Maƙwabcinsa na gona, wanda shi ma ya sha irin wannan kashi, ya ce ai abin ba ya son dogon tunani. Ya kwance salansar motarsa ɗungurungum ya jefa a bola, mota ta koma kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Da farko birai suka watse. Ba a jima ba suka gano shi, don tun yana fitowa daga gari suke jin tahowarsa. Sai su ƙarasa masarar da ke hannunsu a tsanake, su hau dutse suna sosa ciki, ya gama zagayensa ya tafi, su sauko su ɗora daga inda suka tsaya. Ya zame musu sankira mai shela, ba ko sisi. A gari kuwa jarirai suka daina barcin rana, tsofaffi na toshe kunne suna ja masa Allah ya isa.

Manomin namu ya laɓe a bayan wata ɗorawa yana kallon wannan wasa, har ya fahimci abu guda: biri ba ƙara yake tsoro ba, abin da bai zata ba shi ke kaɗa masa hanta. Sai ya koma gida ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motarsa. Bai taɓa tukunyar salansa ba. Gabanta kaɗan ya huda bututun hayaƙi, ya yanko faifan ƙarfe daga bakin tsohuwar fartanya daidai hudar, ya ɓalle hinjin tagar ɗakin kaji, ya zaro sifirin daga gadon da matarsa ta daina hawa. Mai walda ya ɗiga masa wuta, marfi ya zauna daram. Ya ɗaura masa wayar birkin keke, ya biyo da ita ta ƙasa har gefen kujerarsa. In ya saki waya, marfi ya rufe, mota ta tafi sumul kamar mage a kan katanga. In ya ja, sai ka ce aradu ta faɗo cikin randa. Masu wucewa suka ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har idon sawu, suka ce wa juna, "Oho, ɗan ƙodago ya koma kanikanci, birai sun sallame shi." Shi kuwa murmushi kawai yake yi wa bututu.

Da masara ta yi goyo ta fara nuna, ya tashi da rana tsaka, marfi a rufe, ya gangaro a hankali har bakin kunya. Ga su nan birjik, kowa da masara a baki, wata a hammata. Babban cikinsu, wani furfurarre mai gadi, yana kan suri ya karkata kunne can wajen gari, yana sauraron motar maƙwabci. Manomi ya yi bisimilla, ya finciki waya, ya take totur har ƙasa. Ƙara ta daki dutse, dutse ya mayar da ita ninki. Mai gadi ya wuntsila daga kan suri, ƙafa sama. Uwa ta manta ɗanta, ta dawo ta figi na wata. Kafin hayaƙi ya washe, babu ko wutsiya. Gobe da hantsi ya zo, jibi da la'asar, gata ta hanyar rafi. Wata rana ma ba ya jan wayar, ya wuce shiru abinsa, wannan shirun kuwa ya fi ƙarar gigita su. Ƙarshe dai ko iska ta kaɗa ganye sai su zabura. Suka yi shawara irin tasu, suka kwashe kaf suka koma gonar maƙwabci, inda mota ke da ladabin yin sallama tun daga nesa.

Ranar karya, ya loda akori-kura har tana nishi, ya shigo gari marfi a rufe, ko kaza ba ta matsa ba. Sai da ya zo daidai majalisa, inda maƙwabcin ke zaune ya yi tagumi, sannan ya ɗan ja wayar sau ɗaya. Butoci suka kife, mai shayi ya zubar da madara. Ya leƙo ta taga, ya miƙa wa maƙwabcin masara goyo biyu, ya ce, "Ungo, maƙwabci, a gasa wa yara. In ka je gona ka gaishe min da mutanen nawa."

Ka ga dai, shi wancan ya fi shi ƙara nesa ba kusa ba, amma rumbun wa aka cika? Abin da Bahaushe ya hango ke nan tuntuni da ya ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.